Kan Jirgin da Ya Faɗa Rabon Gado

Mun tashi da asuba, ko shafa addu'a ban tsaya an yi ba, don kada Baba ya fito daga masallacin ƙofar gida ya tambaye ni ina zuwa. Mu uku ne a motar: ni, da ƙanwata, da abokina mai motar. A aljihun rigata akwai guntun titin jirgin ƙasa na wasa, bai kai tsawon tafin hannu ba, na naɗe shi a hankici. Abin da ya fitar da magidanci mai 'ya'ya huɗu daga gida ke nan da sanyin safiya. Kafin ku yi mini dariya, bari in gaya muku yadda aka haihu a ragaya.

Baba tsohon ma'aikacin reluwe ne. Tun kafin a haife ni aka tura su kwas ƙasar waje, shi da amininsa Malam Ilu, kowannensu ya dawo da ɗan ƙaramin jirgi mai aiki da lantarki: kai ɗaya baƙi, tarago huɗu koraye, da titin da ake harhaɗawa ya zama da'ira. Na Baba yana kan teburi a ɗakinsa, ya yi masa tasha da kwali har da sigina. Duk wanda ya tashi a gidanmu ya san dokar, kallo da ido, hannu a baya. To wata huɗu da suka wuce ɗan akwatin da ke rage masa wuta ya daina aiki. Ni kuma sarkin iyawa, Baba yana masallaci, na ce wuta ai wuta ce, na jona jirgin kai tsaye da batiran solar gidan. Ya yi zagaye biyu da gudun da bai taɓa yi ba, sannan ya tsaya cak ya yi hayaki, karo na farko da ya yi abin jirgin gaske. Na cika ɗakin da turaren wuta, na jefa kan jirgin a aljihu, na ce wa Baba na kai shi wajen mai gyara.

Da a ce abin ya tsaya nan da da sauƙi. Baba yana fama da hawan jinin ido. Na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma likita ya gaya mana ba ɓoye-ɓoye cewa kullum raguwa yake, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Duk Juma'a sai Baba ya ce, "Mai gyaran nan fa?" in ce ana jiran kaya. Rannan sai ya ce, ba da faɗa ba, "To ka ce masa ya hanzarta, idon nan ba ya jira." Wallahi ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Wani mai gyaran rediyo ya tayar mini da akwatin wutar, amma kan jirgin ya ce kwayil ɗin injinsa ya ƙone ƙurmus, kuma bai taɓa ganin irinsa ba. Na karaɗe Sabon Gari lungu-lungu, na sayo jirgi har biyu, ɗaya ƙafafunsa suka yi wa titinmu faɗi, ɗaya suka faɗa ciki. Sai a intanet na fahimci ashe abin nan aji-aji ne. Akwai wanda duniya ta fi yayi, tazarar titinsa milimita goma sha shida da rabi, akwai ƙarami mai tara. Namu mai goma sha biyu ne, masu harkar suna ce masa TT, ɗan tsakiya wanda kowa ya manta da shi. 'Yan tsirarun da ke sayar da shi kuwa, da sun ji inda za a aiko sai su yi gum. Inna ce, wadda ta san sirrin tun ranar farko, ta ce, "Kai da ka bi duniya, ai Ilu yana da ɗan'uwan jirgin nan." Malam Ilu ya koma ƙauyensu bayan Rimin Gado da ya yi ritaya, a can ya rasu shekara uku da suka wuce. Niyyata, kuma ba na alfahari da ita, in sayo kan jirginsa in ajiye wa Baba a matsayin nasa da aka gyaro.

Gari ya gama wayewa muna kan titin Gwarzo. Ni ɗan birni ne, a zatona in an fita gari sai daji. Ina! Babu daji ko na ajiye tabarma. Gona ce ke riƙe da hannun gona, gero ya fitar da kai, wake yana yaɗo a ƙarƙashinsa, gyaɗa a gefe, iyakar kowa kuma layin gamba ne ko 'yar rama. Kafin ka gama kallon wani gida mai rumbu uku wani ya bayyana. Na lura duk akuyar da muka gani a ɗaure take a turke, ana kawo mata ciyawa har inda take kamar mai jego, na kuma ga wasu manyan bishiyoyi tsirara ba ganye a tsakiyar duk wannan kore. Na ce ko sun mutu ne. Abokina, wanda kakarsa 'yar ƙauye ce kuma ba ya bari a manta, ya ce gawo ne, da damina yake zubar da ganye, shi ya sa manomi ba ya sare shi don ba ya tare wa shuka rana.

A tashar Rimin Gado muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan naira ɗari guda uku ne, manya, alhali a unguwarmu biyu ake ba ka kamar ƙwayar magani. Duk da haka sai da abokina ya nemi gyara, don shi ko allura zai saya sai ya taya. Mai kokon muka tambaya gidan marigayi Malam Ilu, ba ta gane ba, sai da na ce wanda ya yi aikin jirgi. Ta ce, "Au, Ilu Reluwe! Ku faɗi haka mana." Ta nuna mana wata hanyar ƙasa da ludayi.

Mun yi sa'a, mun tarar da babban ɗan marigayin a ƙofar gida da fartanya a kafaɗa. Ya jingine ta, ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, ƙanwata ta shige ciki wajen mata. Da ya ji ni ɗan wane ne sai ya sake ba ni hannu. Aka yi gaisuwa, aka yi ta'aziyya, aka tambayi damina, aka koma aka tambayi jikin Baba. Abokina ya buɗe baki sau biyu zai kawo maganar ciniki, sau biyu ina taka masa ƙafa. Da lokaci ya yi na zaro guntun titin na ajiye a tabarma. Mutumin ya dube shi, ya kwashe da dariya.

"Ayya, ai jirgin nan an raba shi gado," in ji shi. "Malamin da ya yi mana rabo ya gama da gida da gona da tumaki, aka zo kan tarkacen ɗaki. Aka buɗe akwati aka ƙirga, guda biyar. Mu kuwa maza biyu ne, mace ɗaya. Malam ya ce kun ga Allah ya sauƙaƙa, namiji biyu-biyu, mace ɗaya."

Na ce, titin fa? Ya ce wannan bai shiga lissafi ba, an ɗauka waya ce. Ya leƙa ciki aka kauce, ya kai ni bayan rumbu ya nuna mini. Jama'a, titin da na yi wata huɗu ina neman jirginsa a intanet, ga shi nan an lanƙwasa an ɗaure ƙofar akurkin kaji da shi. Ban san lokacin da na yi salati ba.

Ya ɗauko nasa rabon daga cikin wata tsohuwar kwalla, tarago biyu koraye, ko ƙwarzane babu. Na ɗora ɗaya a kan guntun titina, ya zauna daram. Na tura shi da yatsa, ya gangara ba gargada. Na ce, kan fa, baƙin nan marar tagogi mai nauyi? Ya yi ɗan tunani, ya ce yana jin yana wajen ƙaninsa, tela ne a Shanono. Ya kira shi har sau uku, waya a kashe. "Tana wajen masu caji ke nan," ya ce, kamar mai faɗin cewa yaro ya tafi makaranta. Bai bar mu mun tafi ba sai da ya sa aka karyo mana ɗanyar masara aka zuba a but.

Daga Gwarzo muka karkata zuwa Shanono. Nan hanya ta fara nuna hali, ramuka cike da ruwan sama, ba ka sanin zurfin rami sai ka ji motar ta yi kuka. Abokina yana tuƙi yana lissafa mini abin da zan saya masa in wani abu ya karye. Ƙasar ta ɗan buɗe, shanu suka fara yawa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda garke guda zai bi ta ɗan siririn burtali tsakanin gonaki biyu, dawa a dama dawa a hagu, makiyayi yana gaba da sanda a wuya, kuma ba saniyar da ta miƙa baki. Na so in tsaya in tambaye shi yadda ake koya musu, ƙanwata ta ce in tuna abin da ya kawo mu. Mun dai tsaya a gindin wata tsamiya mun sha fura da nono, nonon da kauri har ludayi yana tsayawa.

Telan ba shi da wuyar samu, shagonsa yana bakin kasuwa. Tun kafin mu zauna na hango taragonsa biyu a kan kanta. Ya ɓalle musu rufi, ɗaya ya cika da maɓallai, ɗaya da allurai. Na daure na yi gaisuwa. Da na tambayi kan jirgin sai ya ce, "Wannan baƙin? Ai na auta ne. Mu muka fara zaɓa, wa zai bar mai fenti da tagogi ya ɗauki dunƙulen ƙarfe?" Na yi masa bayani cewa a cikin dunƙulen ƙarfen injin yake, shi ke jan sauran. Ya dakatar da keken ɗinkin, ya dubi taragonsa ya daɗe.

"Ashe ita aka ba jirgin," ya ce. "Mu kujeru muka samu."

Ya kwatanta mana ƙauyen da take aure, kusa da Bagwai, da sunan mijinta. Har mun shiga mota ya biyo mu ya leƙo ta taga. Ya ce in bi a hankali, auta ba ta wasa da abin da ya fito daga hannun mahaifinsu, don ita ta yi jinyarsa har ya cika.

Wajen Bagwai wata duniya ce dabam saboda ruwan dam. Shinkafa ta yi shar har inda ido ya ƙare, ga masu kifi a bakin hanya suna ɗaga tarwaɗa sama suna kaɗa ta a gaban gilashi. Mota ba ta shiga ƙauyen da damina, a gindin mangwaro muka bar ta muka taka, takalmina na zuwa ofis ya sha taɓo har wuya. Mun isa ana kiran azahar, a masallaci muka gamu da mijin, wani dogo marar yawan magana. Ya kai mu zaure, ƙanwata ta shige. Aka fito mana da shinkafa da wake da mai da yaji, da soyayyen kifi a kai. Abokina ya ci har ya manta da motarsa. Ni kuwa idona yana kan ƙofar cikin gida, don ƙanwata ta fi awa ba ta fito ba.

Da ta fito ba ta yarda mun haɗa ido ba, nan na san akwai magana. Bayanta matar gidan ce cikin dogon hijabi, ba za ta wuce shekara talatin ba. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe mu, ta ajiye wata tsohuwar hula a tabarma. A cikin hular kan jirgin yake, baƙi wuluk yana sheƙi. Na ɗora shi a guntun titina. Ya zauna kamar a nan aka haife shi.

Ta ce a cikin shogilas take ajiye shi, tsakiyar kwanukanta, hular kuma ta mahaifinta ce. Ba ta taɓa ganinsa yana tafiya da kansa ba, don ƙauyensu ba wuta. Amma lokacin da ciwo ya kwantar da mahaifinta, yakan sa ta ɗauko masa, ya riƙa tura shi a kan tabarma yana kiran tashoshi, Zariya, Kaduna, Minna, har barci ya ɗauke shi. Ana cikin wannan abokina, Allah ya shirye shi, ya ce, "To Hajiya, nawa za a bayar?" Mijin ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi.

Ba ta ko dubi abokina ba, ni ta fuskanta. "Yaya, ba na sayarwa ba ne. Amma na ji halin da idon Baba yake ciki, kuma na ji yadda aka yi nasa ya ƙone." Na juya na harari ƙanwata, ta ɗaga kai tana ƙirga azarar zaure. "Zan ba ka aro, ya zauna wajensa iya yadda yake so. Sharaɗina ɗaya, ba zai shiga gidanku da sunan wani ba. Ka ce masa na Ilu ne, ka ce autarsa tana gaishe shi."

Na ce ai iri ɗaya ne sak, ko masu kamfanin ba za su bambance ba.

Ta ce, "A wajenka."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Na ce na yi alkawari. Ta mayar da shi cikin hular da kanta, ta miƙa wa mijinta, shi ya miƙo mini.

Ta Bichi muka biyo a dawowa, hadari yana bin mu a baya. Ina shiga mota na sauke wa ƙanwata kwandon faɗa, na ce an aike ki neman jirgi kin je kin tona mini asiri a garin mutane. Ta ce, "Mace ta zaunar da ni a gadonta, ina cin abincinta, ta tambaye ni gaskiya, sai in yi mata ƙarya? Ni ba kai ba ce." Abokina ya yi dariya har ya kusa faɗawa rami. Ba zan ɓoye muku ba, zuciya ta raya mini cewa daga Bagwai zuwa ɗakin Baba akwai nisa, wa zai sani? Amma hular nan tana kan cinyata, kuma duk sanda na dube ta sai in ji kamar mai ita yana kallona.

Mun iso gida bayan la'asar. Baba yana zaune a kan buzunsa, rediyo tana yi ƙasa-ƙasa. Na durƙusa a gabansa, ni da furfurata a gemu, na faɗi komai tun daga batiran sola har zuwa mai gyaran da babu shi. Ya bar ni na kai aya.

"Idona ne ke tafiya, ba hancina ba," ya ce. "Shekara talatin ina shaƙar ƙaurin waya, sai turaren uwarka ne zai ɓoye mini? Jira nake in ga yaushe za ka gaji."

Na miƙa masa hular na ce na Malam Ilu ne, autarsa tana gaishe shi. Bai taɓa jirgin ba tukuna. Hular ya riƙa shafawa, yana bin ɗinkin da yatsa, yana cewa Allah ya jiƙan Ilu, Allah ya jiƙan Ilu. Sannan ya ce in ɗora shi, kuma wannan karon in bi ta akwati kamar mai hankali.

Na mayar da guntun titin, na ɗora, na haɗa masa taragon Baba huɗu, na murɗa a hankali. Ya yi 'yar ƙara, ya yi tsam, sai ya motsa. Baba ya matso da fuskarsa har gemunsa yana taɓa teburin. Ya ce bai ga komai ba, hasken ya yi yawa, a rufe taga. Ƙanwata ta rufe, ta saki labule. A cikin duhun nan 'yar fitilar goshin jirgin ta fito, ba ta fi ƙwayar gero ba. Sai na ga kan Baba ya fara juyawa yana bin ta, ta wuce tasha, ta sha kwana, ta dawo. Ya ce, "Ga shi nan. Na gan shi." Inna tana tsaye a bakin ƙofa tana share ido da gefen mayafi, ni ma ban tsira ba.

Na fita neman abin da babu shi a kasuwa, na same shi a shogilas ɗin wata mata a ƙauyen da mota ba ta shiga. Na koyi cewa kafin ka tambayi intanet ka tambayi tsohuwar da ke gidanku, na koyi cewa ba duk abin da ke hannun mutum ake tayawa ba. Wanda ya fi ci mini rai shi ne lissafin da na yi daga baya: da na faɗi gaskiya tun ranar da abin ya faru, da Baba da bakinsa zai ce a je gidan Ilu, kuma da ya ga jirgin nan da taga a buɗe. Wata huɗu na cinye masa daga ɗan ganin da ya rage, kuma ba ni da inda zan samo in mayar.

Da na kashe wutar na buɗe taga, Baba yana nan riƙe da hular. Ya ce in gaya wa abokina ya sha mai ranar Asabar. Na ce ai autar ta ce ya zauna iya yadda kake so, ba sai an mayar yanzu ba.

Ya ce, "Da akwatin da batir za mu tafi, ita ma ta ga abin ubanta yana tafiya. Kuma ina so in ga fuskar yarinyar nan tun ina iya ganin fuska."